Daga Kampala zuwa Nairobi: Yadda Ake Haɗa Birni, Magangarar Ruwa da Dawa a Hutu Ɗaya

Abin da ya fi ɓata hutun da ake yada zango da yawa shi ne haɗama. Mutum ya tara kuɗi shekara guda, ya samu hutun mako biyu, sai ya ce dole ya taka ƙasa huɗu. Ƙarshenta rabin hutun ya ƙare a cikin mota, ya dawo gida da ciwon baya da hotunan da ya ɗauka ta taga. Shi ya sa wannan jagora ta tsaya a ƙasa biyu, Uganda da Kenya, cikin kwana 12. Akwai birane, akwai magangarar ruwa biyu masu suna, Murchison da Sipi, akwai dawa mai giwa da zaki, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar yana iya shiga ba tare da jeka-ka-dawo a ofishin jakadanci ba.

Mataki na 1: Zana hanya kafin ka taɓa kuɗi

Ka ɗauki takarda ka rubuta zangon nan a jere: sauka a filin jirgin Entebbe, kwana 2 a Kampala, kwana 3 a gandun dajin Murchison, kwana 2 a Sipi, kwana 2 a Jinja, komawa Entebbe, jirgi zuwa Nairobi, kwana 2 ko 3, sai gida. In ka duba taswira za ka ga da'ira ce: arewa, gabas, kudu, a dawo mafari. Ban da ta tsakanin Entebbe da Kampala, babu hanyar da za ka bi sau biyu.

A gaban kowane zango ka rubuta awoyin tafiya, ka manta da kilomita. Kampala zuwa Jinja kilomita 80 ne kacal, amma cunkoson manyan motocin da ke jigilar kaya daga tashar ruwan Mombasa kan mai da ita awa uku. Kampala zuwa Murchison kusan kilomita 300, awa biyar zuwa shida. Murchison zuwa Sipi ta Lira da Soroti da Mbale yini ne sukutum. Duk ranar da za a yi doguwar tafiya, ka sa ta a lissafin hanya, kada ka ɗora mata wani yawon. Kuma kada ka yarda da zangon kwana ɗaya: ka iso da magariba, ka tashi da asuba, me ka gani?

Mataki na 2: Zaɓi lokaci

Uganda tana kan layin da ya raba duniya biyu, don haka damina biyu suke yi a kudanci da tsakiyar ƙasar: Maris zuwa Mayu, sai Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin rani, Disamba zuwa Fabrairu da Yuni zuwa Agusta, shi ne na ganin namun daji, saboda ciyawa ta kwanta kuma dabbobi suna taruwa a bakin ruwa. Hutun makarantu na Disamba ya dace da wannan, sai dai masauki yana tsada, sai an kama ɗaki tun da wata biyu ko uku. Game da ruwan Murchison kada ka damu, tafkin Victoria ne ke ciyar da kogin Nilu da ke zubowa a wurin, don haka ba ya yankewa rani da damina. Sipi ce ke raguwa da rani, amma a lokacin ne hanyar hawanta ba ta da santsi.

Mataki na 3: Takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafuka biyu babu hatimi. Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, dole ne, kuma a Entebbe ana tambayarsa tun kafin ka kai teburin shige da fice. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa.

Bizar Uganda ta intanet ake nema a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, ta shiga sau ɗaya dala 50 ce. Za a bukaci hoton fasfo, hotonka, katin shawara da tikitin dawowa. Ka kula da adireshin shafin, ya ƙare da go.ug, domin akwai shafukan 'yan kamasho da suke kama da na gwamnati suna ninka kuɗin. Akwai kuma biza ɗaya ta dala 100 da ke shigar da mutum Uganda da Kenya da Ruwanda na kwana 90, ana nemanta daga ƙasar da za a fara sauka. Amma kafin ka biya ta, ka duba shafin Kenya: tun 2024 suka koma tsarin izinin shiga ta intanet, a 2025 kuma suka sassauta wa yawancin 'yan Afirka, don haka mai yiwuwa ta dala 50 ɗin ta ishe ka. Duk abin da ka samu, ka buga shi a takarda. Waya tana mutuwa a lokacin da ba a so.

Mataki na 4: Tikiti da guzuri

Daga Kano ko Yamai, jirgin Ethiopian yana kai mutum Entebbe ta Addis Ababa. Daga Abuja da Legas akwai Uganda Airlines da RwandAir, sai Kenya Airways daga Legas. Abin da za ka gaya wa ejan shi ne: tikiti ɗaya, shiga ta Entebbe, fita ta Nairobi. Wannan ya fi sayen tikitin zuwa daban da na dawowa daban araha. Tsakanin Entebbe da Nairobi kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna ne, sai a saye shi a gefe.

Kada ka dogara da katin naira shi kaɗai. Ka riƙe dala a hannu, kuma in ka je wurin 'yan canji, a Wapa ne ko a Zone 4, ka nace a ba ka sababbin takardu na 100 da 50, marasa yagewa ko rubutun biro. A Kampala ana ƙin karɓar tsofaffin bugu, ƙananan takardu irin na 10 da 20 kuma farashinsu a wurin canji ya fi ƙasa. Ka canja isasshen shilin a Kampala, domin can cikin daji sai yadda mai masauki ya ga dama. Layin waya na MTN ko Airtel ana yankarsa da fasfo a filin jirgi. Ka sa a buɗe maka asusun kuɗin waya a take, da shi ake biyan kusan komai.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba: hukumar kula da namun daji ta Uganda tana da farashi na daban ga masu fasfon ƙasashen Afirka, ƙasa da na Turawa. In kamfanin yawon buɗe ido ya turo maka lissafi, ka tambaye shi da wane farashi ya lissafa kuɗin shiga gandu. Wasu sukan yi shiru su sa bambancin a aljihu.

Mataki na 5: Mota

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: ka ɗauki hayar mota mai ƙafa huɗu, mai rufin da ake ɗagawa, tare da direbanta, daga Kampala har a dawo Entebbe. A hannun hagu suke tuƙi, 'yan sandan hanya suna da na'urar auna gudu, kuma a cikin daji direban da ya saba shi ne ya san inda zaki ya kwana. In ku huɗu ne ko biyar, kuɗin in an raba ba ya da nauyi. Tun kafin a tashi a rubuta: waye zai sayi mai, waye zai biya kwana da abincin direba, waye zai biya kuɗin shigar motar gandu. Rigimar da ake yi a hanya duk a kan waɗannan ukun take.

A jaka ka sa takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa, rigar sanyi ɗaya, maganin shafawa na sauro da na zazzaɓin cizon sauro. Ka bar duk wani kaya mai zanen kakin soja a gida, haramun ne farar hula ya sa shi a Uganda. Ka rage tufafi baƙaƙe da shuɗi, su ne ke jawo ƙudan tsando a Murchison, cizonsa kuwa yana ratsa riga. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai baki uku. Wanda ya taso daga Nijar sai ya nemi adafta.

Mataki na 6: Kampala

Daga filin jirgi zuwa cikin gari kusan kilomita 40 ne, akwai sabuwar hanya da ake biyan kuɗin wucewa. Ka tura agogonka gaba da awa biyu. Ka kuma gyara alƙibla: a nan ba gabas ake duba ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. Rana tana fitowa wajen bakwai na safe ta faɗi wajen bakwai na yamma kusan duk shekara. Tunda babu zangon da za ka yi niyyar zaman kwana huɗu a cikinsa, kana cikin hukuncin matafiyi, ƙasaru ta halatta gare ka.

Ka fara da babban masallacin ƙasa da ke kan tudun Old Kampala, wanda kowa ke kira masallacin Gaddafi. Idi Amin ya aza harsashinsa a shekarun 1970, aikin ya tsaya cak, sai Libiya ta ƙarasa shi a 2006. Ka hau hasumiyar, matakala kusan 300 ce, daga can za ka ga yadda garin ya bazu a kan tuddai, ka gane inda za ka nufa. Daga nan sai Kasubi, makabartar sarakunan Buganda huɗu, wata ƙatuwar bukkar ciyawa da gobara ta cinye a 2010 aka sake ginawa da hannu bisa al'ada. A fadar Kabaka, wato sarkin Buganda, da ke Mengo akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka azabtar da mutane zamanin mulkin soja; wuri ne mai sa jiki ya yi sanyi, ba na kai yara ba. Da yamma ka leƙa kasuwar Nakasero ka ci abarba. Ban ci wadda ta kai ta Uganda zaƙi ba.

Babur ɗin haya, bodaboda, shi ne maganin cunkoso, amma ka kira ta manhaja ka sa hular kwano. Abinci kuwa, ka gwada roleks, wainar ƙwai ce da ake naɗewa cikin capati a bakin titi, da matoke, ayabar dafawa da ake tuƙawa a zuba miyar gyaɗa. Gidajen gasa naman alade suna da yawa a garin kuma ba a ɓoye suke ba, don haka ka tambaya kafin ka zauna. Unguwannin Old Kampala da Kibuli da Kisenyi cike suke da gidajen abincin Musulmi, har da na Somaliyawa.

Mataki na 7: Murchison, zuciyar tafiyar

Ku fita Kampala da ƙarfe shida na safe, in ba haka ba cunkoson hanyar Bombo zai cinye muku awa guda. Bayan kusan awa uku za ku iso Ziwa a yankin Nakasongola, inda ake kiwon karkanda. An ƙarar da su a dazukan Uganda a farkon shekarun 1980, aka sake kawo su nan a 2005. A ƙafa ake zuwa wurinsu tare da ma'aikaci, awa ɗaya zuwa biyu. Ku ci abincin rana a Masindi, ku sha mai a can, sannan ku shiga gandun ta ƙofar kudu.

Kada ku wuce masauki kai tsaye. Ku fara ratsewa saman magangarar da la'asar. Abin da ke faruwa a wurin shi ne, kogin Nilu, wanda a sama yake shimfiɗe da faɗi, sai ya matse ya bi ta wata tsaga a dutse mai faɗin mita 7, kwatankwacin faɗin titi mai hannu biyu, ya faɗa ƙasa mita 43. Tun daga inda ake ajiye mota ake jin rugugi, in ka matsa kusa kuwa har ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka, feshin ruwan ya jiƙa ka sharkaf. Ka sa waya a leda mai zif, ka riƙe hannun yara, kada ka tsallake shingen don hoto. Baturen nan Samuel Baker ne ya sa mata suna a 1864. Zamanin Amin an mai da ita Kabalega, sunan sarkin Bunyoro da ya yaƙi Turawa, kuma har yanzu za ka ji wasu na kiranta haka. A gefenta akwai ta biyu, Uhuru, wadda ambaliyar 1962 ta buɗe, shekarar da ƙasar ta samu 'yanci.

Namun dajin suna arewacin kogi. Da can sai an jira jirgin fito a Paraa, yanzu akwai gada, kuma aikin haƙar mai da ake yi a yankin ya sa an zuba kwalta a manyan hanyoyin. Tafiya ta yi sauƙi, ko da yake wanda ya san dajin da zai ce maka an rage masa kwarjini. Kashegari ku fito kafin hantsi, shida da rabi kun kama hanyar Buligi zuwa inda kogin ke shiga tafkin Albert. Ku ɗauki ma'aikacin gandu ɗaya a mota, kuɗinsa kaɗan ne kuma suna waya da juna in an ga zaki. Giwa da ɓauna da raƙumin dawa da gadu da garken maraya ba sai an wahala ba. Zaki sai an dace, damisa kuwa sai mai rabo, yawanci a kan reshen itace take kwance. Doka uku ce ba a wasa da su: ba a fita daga mota sai inda aka ware, ba a sauka daga kan hanya a bi dabba cikin ciyawa, kuma in giwa ta tare hanya a tsaya nesa a jira ta. Mai ɗa ta fi kowacce saurin fushi.

Da ƙarfe biyu na rana jirgin ruwa ke tashi daga Paraa ya haura kogi zuwa gindin magangarar, awa uku zuwa da dawowa. Wannan shi ne abin da ba zan yarda kowa ya tsallake ba. Dorina garke-garke, kada masu girman da ba ka taɓa gani ba suna shanya baki a kan yashi, giwaye suna saukowa shan ruwa. In za ka haura, ka zauna ɓangaren hagu, nan ne gaɓar arewa take. Mai ƙarfin gwiwa yana iya sauka a gindin dutsen ya hau da ƙafa zuwa sama, kusan awa ɗaya cikin zafi, direba ya zagaya ya tare shi. Sai an faɗa tun kafin jirgi ya tashi kuma akwai kuɗinsa daban.

Rana ta uku ka bar ta sakaka. Wanda bai ga zaki ba ya sake fita, wanda ke son birai masu kama da mutum ya nufi kurmin Budongo a kudancin gandun. Da dare dorina takan fito kiwo har tsakiyar masaukan bakin kogi, don haka in za ka fita alwalar asuba ka haska fitila, ka kira mai gadi.

Mataki na 8: Sipi da Jinja

Ranar tafiya Sipi a tashi da wuri a yi guzurin ruwa da abinci. A Mbale za ku yi sallah ku ci abinci mai zafi. Nan ne Jami'ar Musulunci ta Uganda take tun 1988, 'yar'uwar ta garin Say a Nijar, kuma ba abin mamaki ba ne ka ji ɗalibai suna Hausa a bakin ƙofarta. Daga nan awa ɗaya ce ta hawan dutsen Elgon.

Sipi magangara uku ce a jere, mafi tsawo kusan mita 100. Ba ta da ƙarfin Murchison, kyanta a tsawo ne da koren gonakin ayaba da kofi da suka kewaye ta. Zagaya duka ukun awa uku zuwa huɗu ne a ƙafa, ta cikin gonakin mutane, shi ya sa ake ɗaukar ɗan jagora na gari ana kuma biyan 'yan kuɗin wucewa. Ka karɓi sandar da za su miƙa maka, kada ka ce kai matashi ne. Da rana ta biyu ka je gidan manomi ka ga yadda ake ɓare kofi, a daka a turmi, a soya, a dafa maka. Dare yana da sanyi sosai a nan.

Jinja awa huɗu ce daga Sipi, wurin hutawa ne. A ɗauki kwalekwale mai inji zuwa inda Nilu ke fita daga tafkin Victoria, wurin da Bature John Speke ya iso a 1862. Magangarar da ya gani ta nutse tun da aka gama madatsar ruwa a 1954. A ci soyayyen karfasa ko giwan ruwa a bakin kogi. Masu jini a jika suna shiga kwalekwalen roba su bi igiyar ruwa mai haɗari, yini guda ne, kuma sai wanda bai tsoron kifewa. Wanka a gefen tafki inda ruwa ke kwance kuwa a bar shi, akwai tsargiya.

Ranar komawa Entebbe ka ba hanya awa biyar ko da an ce maka uku ne, ka kuma sayi tikitin jirgin yamma.

Mataki na 9: Nairobi

Kafin ka hau jirgi ka fitar da duk ledar cefane daga jakarka, Kenya ta haramta ta tun 2017. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, a Yuni da Yuli sai da rigar sanyi.

Gandun dajin Nairobi yana manne da birnin, an kafa shi a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117. Amfaninsa a wannan tafiya shi ne yana cike giɓin Murchison: a nan za ka ga jakin dawa da jimina da baƙar karkanda, ga dogayen benaye a bayansu. Babu giwa a ciki, amma ka riga ka ƙoshi da su. Awa huɗu da sassafe ta isa. Kuɗin shiga ba a karɓar tsaba, ta shafin gwamnati na eCitizen ake biya da kati ko M-Pesa, asusun kuɗin waya na Kenya, don haka ka gama wannan tun daren jiya. Da azahar ka yi sallah a masallacin Jamia da ke tsakiyar gari, akwai gidajen abincin halal kewaye da shi. Tsaraba kuma a kasuwar Masai, wadda ke sauya wuri daga rana zuwa rana; ka tambayi masaukinka inda take ci a ranar, ka kuma taya daga kashi ɗaya cikin uku na abin da aka faɗa maka.

Wanda ke da ƙarin kwana uku yana da zaɓi biyu: gandun dajin Masai Mara, musamman Yuli zuwa Oktoba lokacin da garken dabbobi ke ƙetarowa daga Tanzaniya, ko jirgin ƙasa zuwa Mombasa, awa biyar zuwa shida ta tsakiyar dajin Tsavo. Ɗaya za a ɗauka, taura biyu ba ta taunuwa. In Mombasa ce, ka sa ejan ya mai da tikitin dawowarka daga can tun farko, domin Ethiopian yana tashi daga Mombasa zuwa Addis Ababa, ba sai ka sake komawa Nairobi ba.